Naman Layya a Ɗakin Ƙanƙara

Shekara tara na yi ina gadin ƙanƙara a Jidda, garin da in ka ajiye kofin ruwan sanyi a bakin taga ka je ka amsa sallama, sai ka dawo ka tarar ya isa haɗa shayi. Duk wanda na gaya wa aikina sai ya ɗauka a wajen masu sayar wa 'yan kifi ƙanƙara nake. Ba na gyara masa, don gaskiyar ta fi wuyar bayani. Ƙanƙarar da nake gadi daga can ƙurewar arewacin duniya ake kawo ta, inda teku da kanta take daskarewa har mota ta bi ta kai.

Wani ƙaramin ofishin injiniyoyi ne. Masu haƙar mai da iskar gas a cikin teku suna so su kafa dandamali a wancan ruwan, irin mai ƙafafun ƙarfe da ma'aikata ke zaune a kai wata da watanni. To, ƙanƙarar can ba zaune take ba. Iska da ruwa suna tura ta, ta zo ta matse ƙafafun, don haka kafin a ƙera su dole a san ƙarfin abin da zai matse su. Wannan shi ne aikin shugabar sashenmu, wadda kowa yake kira Daktora. Takan je can ta yi wata biyu, ta huda ƙanƙarar da wani inji, ta zaro sanduna masu kaurin taɓarya. Kowace sanda a sa ta a doguwar leda, a rubuta mata lamba, a kawo mana a akwatunan sanyi. Ni nawa aikin in tabbata ɗakin sanyi bai ɗumama ba, in fito da sandar da aka ce in fito da ita, in riƙe ta a zarto, in ɗora ta a injin da yake matse ta har ta fashe, sannan in share ɓarɓashi.

Daktora tamu ce. Kakanninta da ƙafa suka zo aikin hajji suka zauna a unguwar Sharafiyya, suka kuma yi dabarar samun takardar ƙasa tun tana samuwa. Tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take amsawa, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ni ma a Jidda aka haife ni, sai dai mahaifina, Allah ya jiƙansa, kullum cewa yake baɗi za mu koma gida, bai ga amfanin wata takarda ba. Ya rasu yana faɗin baɗi. Ya bar ni da fasfon Nijar, ƙasar da sau ɗaya na taɓa zuwa na yi kwana tara, bakwai daga ciki da ciwon ciki. Zamana a garin da aka haife ni yana rataye da iƙama, wato takardar izinin zama, iƙamar tana rataye da ofis, takardar mahaifiyata kuma tana rataye da tawa.

Mahaifiyar tawa Inna muke ce mata. Ni ne ɗan farinta, saboda haka ba ta taɓa kama sunana ba, "kai" kawai take cewa, in kuma ranta ya ɓaci ta ce "kai wannan". Shekara talatin ta yi tana ƙulla soɓo da lemun citta a leda tana daskarar da su tana sayarwa a ƙofar makarantar 'yan mata a Waziriyya. Ranar da na sami aikin nan ko mamaki ba ta yi ba, cewa ta yi ai gado na yi. Daga nan duk matar da ta shigo gidanmu sai ta ji labarin ɗanta mai tallaja, wato firiza, ɗaki guda, wadda ta fi falonmu girma.

A shekarata ta biyu wannan labarin ya dawo kaina. Babbar Sallah ta ƙarato, kuma duk wanda ya san layinmu ya san abin da yake faruwa da nama. Ga na layya, ga wanda 'yan'uwa masu aikin fiɗa a Makka suke aikowa, firizar kowa ta cika har a riƙa zama a kan murfi. Sai a shiga rabon ajiya gida-gida. Matan layinmu ba su yarda da rubutu a jikin leda ba, sun ce sanyi yana cinye tawada. Kowace sai ta yagi ƙyalle daga tsohon zanenta ta ɗaure bakin ledarta, kuma babu wadda ba ta san zanen 'yar'uwarta ba. Ban taɓa jin nama ya ɓata a wannan tsarin ba, sai dai a yi gardamar ya rage nauyi.

Ana saura kwana biyu Sallah Inna ta zaunar da ni.

"Kai, ofis ɗinku ana hutu ko?"

"Ana yi, Inna. Kwana goma."

"Makullin tallajar yana hannun wa?"

Na ce yana hannuna, don Daktora ta ce in riƙa leƙawa kullum. Ina rufe baki na gane na yi wa kaina.

"To halas, shi ke nan. Na riga na gaya wa mata."

Na ce ɗakin nan ba na nama ba ne, na bincike ne. Ta ce ita ƙanƙara ba ta taɓa jin an ce ta ƙi zama da nama ba. Na ce in aka gane fa? Ta ce wa zai gaya wa Daktora, ragon? Kada dai in ɗora wa Inna laifin duka. Ni ma kaina ya kumbura. Mutumin da a layinsu ba a tuna shi sai fanka ta lalace, sai ga shi mata suna tare shi a hanya suna sa masa albarka tun kafin ya yi komai. Na ji daɗin abin ƙwarai.

Washegarin Sallah da hantsi na ari a-kori-kurar maƙwabcinmu, na loda ledoji masu ƙyallaye kala-kala, na nufi ofis. Mai gadi na ba shi cinyar rago guda, nan take ya gano cewa akwai wani abu mai muhimmanci da ya kamata ya duba a bayan gini. Naman ya fi yadda na zata yawa. Sai na kwashe sandunan da suke kan kantar ƙasa, na ɗora su a keken tura kaya, na gangara da shi waje bakin ƙofa, da niyyar minti biyar. Ina cikin jera nama Inna ta bugo waya. Ta ce kan saniyar Goggo, wata tsohuwa ƙawarta, kada in kuskura in ɗora masa komai, kuma kada in haɗa ledar matar mai ɗinki da ta surukarta a kanta ɗaya, don ba sa magana. Da waya a maƙale a kafaɗa na mayar da sandunan ɗaya bayan ɗaya a kantar sama. Na kulle ɗaki, na tafi gida na ci soyayyen nama har na ƙoshi. Ban ƙirga sandunan ba.

Da safe na dawo leƙawa. Tun daga nesa na hango tayil yana sheƙi a gindin keken. Sanda ɗaya ta mirgina ta shige ƙarƙashin rigar sanyina da na yar a kai, ta kwana a wurin da aka kashe mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, saboda hutu. Na ɗaga ledar, ta lanƙwashe a hannuna. Rabin ruwan yana ciki, rabi ya tsiyaye ta wata 'yar huda. Lambarta sha huɗu, da ɗan shuɗin layi a gefe wanda ban taɓa tambayar ma'anarsa ba.

Na zauna a ƙasa cikin ruwan. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba. Saura sati uku iƙamata ta ƙare, kuma mudir, shugaban ofis, ba ya sabunta wa kowa sai ya tambayi shugaban sashensa. In Daktora ta girgiza kai, shi ke nan, khuruj niha'i, fita ba dawowa, ni da tsohuwar da ta shigo ƙasar nan tana amarya.

Na juye ragowar ruwan a gora na kai gida. Na zata Inna za ta ɗora hannu a ka. Ta saurare ni har na gama tana tsinke zogale.

"Narkewa dai ta yi? To a mayar da ita mana. Miƙo in gani."

Ta tsoma yatsa ta ɗanɗana, ta sake tsomawa.

"Kai, ka ce wannan daga teku take? Gishirin nan ko na miyar mai hawan jini bai kai ba. Ka cika da ruwan famfo, ka ɗan barbaɗa gishiri da bakin cokali."

Nan fa ilimi ya motsa mini. Na ce Inna, shekara biyu ina aiki da daktoci, duk sandar da muka fasa in ɓarɓashinta ya taɓa leɓena gishiri nake ji. Ƙanƙarar teku ce, dole ta yi gishiri. Ta ce to ina gishirin ya tafi? Na ce ai ya bi rabin da ya zube. Har yau in na tuna wannan amsar sai in rufe fuska. Inna ta kalle ni ta ce, "Ka fi ni sani," da irin muryar da take nufin akasin haka.

Na tafi kornish, can bakin teku, da jarka. Na tsallaka duwatsu har inda masu kamun kifi da ƙugiya suke zama, na ɗebo Bahar Maliya cikakkiya, ina ce wa kaina teku ai teku ce. Na biya shagon kayan famfo na sayi bututun roba daidai kaurin sandar, da murafai biyu.

Inna ta ce ba za ta bar ni in yi aikin ƙanƙara ba ido ba. Haka na kai ta ofis da la'asar, ta ɗaura zane biyu, ta sa kwat ɗin mahaifina, ta yafa bargo a kan abaya. Mai gadi ya sake tuna wani abu a bayan gini. Tana shiga ɗakin ta tsaya cak, numfashinta yana fita kamar hayaƙi, ta ce, "La'ilaha illallahu." Na ga idonta yana yawo a kan kantocin, na gane duk yabon da take yi wa ɗakin nan ashe ba ta yarda da shi ba sai yanzu. Abin bai daɗe ba. Ta ɗauki wata sanda ta ɗaga ta saitin fitila ta ce wannan da ita ce ba za ta kai ta ƙofar makaranta ba, kumfa ta yi mata yawa. Ta duba kan saniyar Goggo ta tabbatar ba a ɗora masa komai ba, sannan ta ce yalla, mu yi abin da ya kawo mu.

Ta tambaye ni kalar wadda ta narke. Na ce kamar ta fi sauran haske, da ɗan shuɗi-shuɗi. Ta ce to sai an tafasa ruwan, tafasasshen ruwa shi yake ba da ƙanƙara garau. Muka tafasa Bahar Maliya a butar shayin ofis, muka bar ta ta huce, muka haɗa da ragowar ruwan arewa, muka ɗura a bututu muka jingine shi a kusurwa. Bayan kwana biyu na zuba wa bututun ruwan ɗumi, sanda ta sulluɓo. Inna ta latsa ta da farce, farcen ya shiga.

"Ka gani ko? Ba ta da ƙwari. Haka soɓo yake yi in sukari ya yi masa yawa. Gishirinka ne."

Na ce in ta kwana biyu za ta yi tauri. Na datse kawunanta da zarto, na ɗan kankare gefe don kada ta cika santsi, na sa ta a sabuwar leda na kwaikwayi rubutun Daktora, har da shuɗin layin. Da na jera ta cikin 'yan'uwanta na ja da baya na kalle ta, wallahi sai da na yaba wa kaina.

Ana gobe za a koma aiki na kwashe naman na mayar wa masu shi, kowa da ƙyallenta. Na wanke kantoci da sabulu har sau biyu, amma ƙarni ya ƙi fita. Inna ta ba ni turaren wutarta na biki, na zagaya da kasko a ɗakin.

Daktora ta shigo da safe, ta sa rigar sanyi, ta buɗe ƙofa ta shaƙi iska. Ta juyo ta kalle ni.

"Mashallah, ya ammi. Ƙanƙarata ma ta yi Sallah?" Ya ammi, wato baffa, haka take kirana.

Na ce wani ɗan wari na ji shi ne na turara. Ta ce tayyib, ba ta ƙara ba. Ranar muka fasa sanduna biyu lafiya lau, har na fara jin yunwa kamar mutum mai gaskiya. Washegari ta ce in kawo mata sha uku da sha huɗu.

Akwai abin da take yi wa wasu sanduna kafin a matse su. A yanko ɗan faifai, a manna shi a gilashi, a kankare shi har ya yi siriri kamar takarda, a ɗora shi tsakanin wasu gilasai biyu masu duhu, a haska fitila ta ƙasa. Sai ƙanƙarar da kake gani fara ta fito da launuka kamar sabuwar atamfa. Na sha gani, amma ni a wurina ado ne kawai. Ta fara da sha uku. Ta ce in leƙa, na leƙa. Ta ce teku daga sama take daskarewa tana yin ƙasa a hankali, shi ya sa ƙwayoyin ƙanƙarar suke jeruwa a tsaye, dogo-dogo, kamar damin rake. Na ce haka ne. Sannan ta ɗora sha huɗu.

Ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago sai ta matsa ta ce in leƙa. Abin da na gani ko makaho ya shafa zai gane. Layuka ne suka taso daga gefe ta ko'ina suka haɗu a tsakiya, kamar an yanka lemo biyu. Ruwan da aka ɗura a bututu daga gefe yake daskarewa, kuma ƙanƙarar ta rubuta hakan a jikinta, ni da Inna ba mu sani ba.

Ta gutsuri wani yanki ta narkar a kofi, ta tsoma abin awon gishiri, ta duba, ta ɗaure fuska ta sake dubawa. Sannan ta yi mini magana da Hausa, cikakkiyar jimla, karo na farko tun da na san ta.

"Wace teku ce wannan?"

"Bahar Maliya, Daktora."

"Ta ina?"

"Wajen kornish. Inda ake kamun kifi."

Dariya ta kama ta har sai da ta zauna a kan akwati tana share ido da safar hannu. Ni ma na fara ɗan murmushi, ina cewa a raina ashe abin zai zo da sauƙi. Ta sa hannu a aljihu ta zaro wani ɗan jan ƙyalle mai zanen ganye. Na gane shi, na matar mai ɗinki ne. Ta ce jiya ta tsince shi a ƙarƙashin kantar ƙasa, kuma kakarta ma haka take ɗaure nama, don haka tun jiya ta san an yi layya a ɗakinta. Abin da ba ta sani ba shi ne har da ƙanƙararta aka yanka.

Na kwashe labari kaf na gaya mata, har da ɗanɗanawar Inna da gardamar da na yi. A nan ta tsayar da ni.

"Khala, mahaifiyarka, ta ɗanɗana? Me ta ce?"

Na maimaita mata maganar miyar mai hawan jini.

"Ta fi ka ilimi," in ji ta. Ta ce sha huɗu tsohuwar ƙanƙara ce, wadda ta ga bazara fiye da ɗaya ba ta narke ba. Irin wannan gishirinta yana tsiyayewa a hankali har ta koma kusan ruwan sha, su ma ita suke narkarwa su dafa shayi a can. Shuɗin layin ma'anarsa ke nan. Kuma a cikin duk abin da ta kawo ita kaɗai ce tsohuwa, kwana huɗu suka yi suna nema kafin su sami wadda za su iya hawa. Ta ce da na bi maganar Inna da mun ruɗi abin awon gishirin, ko da yake fitila dai ba za ta ruɗu ba.

Sai dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta ce in ɗauki sandata in ɗora a injin matsa. Na ɗora. Ƙanƙarar kirki takan yi gardama, injin ya yi ta gurnani, sannan ta fashe da ƙara kamar an harba bindiga. Tawa ko motsin kirki allurar ba ta yi ba, ta murƙushe ta zube tana tsiyayar ruwa.

"Ba kowace nake yankawa in duba ba," in ji Daktora. "Da na miƙa ta ga inji kai tsaye, da wannan zan rubuta. Tsohuwar ƙanƙara ita ce mafi tauri, ita ake tsoro. Da takardata ta ce musu laushi gare ta, su kuma su rage wa ƙafafun ƙarfe. Mutane ne a kan abin nan, ya ammi. Kowa da innarsa."

Ban taɓa tunanin mutanen ba. Shekara biyu ina share ɓarɓashi, ban taɓa kawo su a raina ba ko sau ɗaya. Narkar da sandar kuskure ne, wannan na sani. Amma wadda na ƙera da hannuna na rubuta mata lamba, wannan ba kuskure ba ne, kuma a lokacin na ji kunyar da ta fi tsoron. Da ƙyar na buɗe baki na ce iƙamata saura kwanaki. Ta ce ta sani. Ta miƙo hannu, na zaro makullin na ba ta.

Kwana uku ba ta ce mini komai ba sai kawo wannan, mayar da wancan. A gida na gaya wa Inna yadda aka yi. Na shirya jin "na gaya maka", ba ta faɗa ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Sai na ga ta sauko da kwanukanta na aure daga saman kabad tana gogewa ɗaya bayan ɗaya. Rana ta biyu muna cin abinci ta tambaye ni, kamar zancen banza, ko a Damagaram wuta tana zama har firiza ta yi ƙanƙara. Na ce ban sani ba. Na ajiye cokali na fita ƙofar gida na tsaya, don kada ta ga idona.

Rana ta huɗu mudir ya kira ni. Daktora ta gaya masa komai, har bututun, naman kaɗai ta bari a cikinta. Ya yi faɗa da Larabci mai tsada na kusan rabin awa, ni kuma ina ta gyaɗa kai. Daga ƙarshe ya ce shi da son ransa da na tafi, amma Daktora ta ce ba za ta sake koya wa wani riƙon zarto ba, kuma mutumin da ya ga abin da inji ya yi wa ƙaryarsa ya fi sabo amana. Za a sabunta mini takarda, makulli kuwa sai bayan shekara. Ina cikin godiya ya ƙara da abin da ya katse mini godiyar. A takardar da za a aika wa masu aikin an rubuta cewa sha huɗu ta narke, babu sakamako. Su kuma ba za su ƙera komai ba sai da tsohuwar ƙanƙara. Saboda haka Daktora za ta koma, a shekarar da ta yi wa 'yarta ƙarama alkawarin ba za ta je ko'ina ba.

Na je na same ta na fara ba ta haƙuri. Ta ce, "Halas, ya ammi. Kawo sha biyar."

Da lokacin tafiyar ya zo Inna ta fito da ragowar naman layyar nan daga ƙasan firizarta, ta yini tana dambu, ta zuba a leda ta yagi bakin zanenta ta ɗaure. Ta ce in kai wa yarinyar nan, wato Daktora, can ba su da abincin kirki. Ko an bar ta ta shiga ƙasar mutane da shi, ban tambaya ba.

Bayan wata biyu ta dawo, ta rame, fatar kumatunta ta ƙone da sanyi. Muka buɗe akwatuna, na jera sanduna ina ƙirgawa da ƙarfi har sau biyu, uku daga ciki masu shuɗin layi. A ƙasan akwatin ƙarshe akwai wata 'yar leda ba lamba, da guntun ƙanƙara kamar dunƙulen hannu a ciki, an ɗaure bakinta da ƙyallen Inna.

"Na Khala ne," in ji Daktora. "Ka sa a fulas. Kuma kada ka amsa waya a hanya."

Inna ta kwance ƙyallen a hankali, ta ɗaga guntun saitin taga ta juya shi. Ta ce wannan kam za ta sayu. Ta ƙwanƙwasa gefe da bayan cokali, ya ƙi, sai da ta ƙara ƙarfi sannan ɗan yanki ya ɓalle. Ta sa a baki ta tsotsa, ta lumshe ido. Sannan ta ɓallo wani ta miƙo mini. Na tsotsa, ruwa ne mai daɗi, sanyinsa har cikin haƙori.

"To, kai wannan," in ji ta. "Ina gishirin? Ko shi ma ya bi rabin da ya zube?"

Ta mayar da sauran a leda ta ɗaure, ta buɗe firizarta ta tura shi can ƙasa, ta rufe ta murɗa makulli, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta ƙulle makullin a bakin zanenta ta ce wannan ita za ta yi gadinta.

Shekara huɗu ta yi tana gadin, ko sau ɗaya ba ta ba ni makullin ba. Ranar da ta rasu aka yi mata wanka, Goggo ce ta kwance shi daga zanen ta sa mini a hannu. Guntun yana nan, ya ɗan rage, ƙyallen ya koɗe. Kullum da safe kafin in fita sai na buɗe na duba. Da Babbar Sallah matan layinmu har yanzu suna aiko da ledoji, ni kuma in ce musu firizar a cike take.